Fuskar da ke Cikin Fayil

Wata ranar Asabar da hantsi yayata ta faɗo ɗakina a Kuje ba ko sallamar kirki, ta ajiye mini wani ɗan hoto a cinya, ta ce, "Ki mai da ni haka kafin Alhamis."

Na ɗauka na duba. Irin ƙaramin hoton nan ne na fasfo da ake maƙalawa a fayil ɗin ma'aikaci. Wata mata ce a ciki fara sol, ta sha ɗaurin ɗankwali, tana murmushi. Na ɗaga kai na dubi wadda ke tsaye a kaina. Duk Yaya ce, amma tsakanin fuskokin nan biyu akwai shekara goma sha wani abu, akwai haihuwa huɗu, akwai takaba, sannan akwai wani abin da ba a faɗa a gidanmu.

Na ce, "In mai da ke haka da me? Da fenti?"

"Kin fara ko? Da tarkacen kwalaben nan naki mana. Kullum kina dame-dame kamar mai haɗa maganin gargajiya, to yau ga ranarsu ta zo."

Abin da ya faru shi ne, an kafa sanarwa a ma'aikatarsu cewa za a tantance ma'aikata. Lokacin mulkin farar hula ya zauna da gindinsa, kuɗin mai yana shigowa, duk inda ka juya a Abuja gini ne ke tashi. A daidai lokacin ne kuma gwamnati ta ce ma'aikata sun yi mata yawa, wai akwai na bogi masu karɓar albashi alhali ko inuwa ba su da ita. Don haka kowa zai zo da ƙafarsa, a buɗe fayil ɗinsa, a dubi hoton ranar da aka ɗauke shi aiki, a dubi fuskarsa. Wanda aka yi kokwanto a kansa, sai a jingine fayil ɗinsa, a tsayar da albashinsa har a gama bincike. Binciken gwamnati kuwa kowa ya san shi, yana da ranar farawa, ba shi da ranar gamawa. Labari ya riga ya zagaya cewa a wata ma'aikata an jingine wani bawan Allah don kawai ciwo ya ramar da shi kuma ya tsayar da gemu. Ko gaskiya ne ko ƙarin gishiri, oho, amma Yaya ta kwana biyu abinci ba ya shiga. Mijinta ya rasu, yara huɗu suna makaranta, albashin nan shi ne komai nata.

Yanzu bari in faɗi abin da ba a faɗa, tunda alƙalamin a hannuna yake. Yaya ta yi shekaru tana shafe-shafe. Bilicin dai, in fito fili. Tun ina firamare nake ganin kwalaben a ƙasan akwatinta, an ɓare musu takarda. Amma a bakinta, ita farinta na gado ne, kakarmu Bafulatana ta biyo, ni kuwa na ɗebo Baba. Ni ce baƙar gida. In baƙi suka zo sai a nuna ta, sannan a nuna ni a ce, "Wannan kuma baƙar tukunya ce, mai fid da farin tuwo." A yi dariya, ni ma in yi, don ban san abin da zan yi ba in ba dariyar ba.

Bayan rasuwar mijinta ta je aikin Hajji, ta dawo ta daina, ba tare da ta ce wa kowa komai ba. Wannan kam na yaba mata, Allah ya ba ta lada. Sai dai fata ba ta saurin yafiya. Cikin 'yan watanni kumatunta suka yi baƙi ƙirin kamar an ɗora musu dutsen guga, goshi ya tsaya wankan tarwaɗa, gefen hanci da kewayen baki suka rage ja-ja. Fuska ɗaya, kala uku. Duk wanda ya tambaya sai ta ce ranar Makka ce ta ƙona ta, kuma ruwan Kuje bai karɓe ta ba.

Shi ya sa da ta zauna a bakin gadona ta ce, "Ni ba wani abu nake nema ba, kalata ta asali kawai za ki dawo mini da ita," sai da na ciji leɓe. Kalar asali! Na buɗe baki zan yi magana, sai na tuna yaranta huɗu. Na haɗiye. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Na ce ta je ta wanko fuskarta.

Ni ba mai kwalliya ba ce, sakatariya ce a wata hukuma. Dole ce ta koya mini haɗi. A shekarun nan kasuwar Wuse ta cika maƙil da kayan shafa, mata masu zuwa Dubai suna shigo da su akwati-akwati. Amma fandeshan, wato hodar ruwan nan da ake fara shimfiɗawa kafin a bi da ta gari, kusan duk ta masu jan kunne ce. In na shafa wadda mai shago ya rantse ita ce mafi duhu, sai in fito toka-toka kamar na kwana a murhu. To sai na koyi sayen kwalba biyu ko uku, in riƙa ɗigawa a bayan farantin shayi, ina gaurayawa da wutsiyar cokali har in sami tawa. Na san mai maiƙo, na san mai bushewa ta tsattsage. Na san ɗigo nawa na man fuska ke sassauta mai kauri, da ɗan garin hodar da ke ɗaure mai ruwa-ruwa. Duk shekarun nan Yaya tsiya take yi mini a kai. "Ke dai ki haƙura da yadda Allah ya yi ki," in ji ta. Ita fa! Ita ce mai ce mini haka.

To amma duk iyawata, duhu na saba ƙarawa. Haskaka mutum ban taɓa yi ba, ashe kuma aiki ne daban. Ranar farko na ɗauko mafi hasken kwalabena na shimfiɗa mata kai tsaye. Muka fita bakin ƙofa, don madubin cikin ɗaki maƙaryaci ne, rana ce ke faɗin gaskiya. Innalillahi! Inda ke da baƙi ya koma shuɗi-shuɗi, inda ke da ja ya yi fari fat. Maƙwabciyarmu tana shanya, ta leƙo ta saman katanga ta ce, "Hajiya, sannu, jikin ne?"

Yaya ta koma ɗaki da sauri har tana tuntuɓe. "Kin gani ko? Da gangan kike yi. Dama kin daɗe kina jin haushina."

"Eh, da gangan. Na bar wankina da girkina na zauna ina ɓata miki fuska don ba ni da aikin yi."

Sai na tuna dabarar da nake yi wa ƙasan idona in na yi rashin barci. Baƙi ba ya ɓoyuwa a ƙarƙashin fari, sai an fara kashe shi da ja. Na ɗauko jan-baki mai ruwan lemo, na yanko kaɗan, na narkar da shi da ɗigon man fuska, na dangwala mata a kumatu da ɗan yatsa. Ta dubi madubi ta saki salati, wai na mai da ta dodo. Na ce ta yi mini shiru ban gama ba. Da na bi da fandeshan a kai, shuɗin ya tafi. Amma sai wata matsalar ta fito: haɗin da ya dace da kumatu ya yi wa goshi haske, wanda ya dace da goshi ya yi wa gefen hanci duhu. Dole sai haɗi uku, kowane yanki da nasa, don duk su haɗu a kala ɗaya. Farantan shayina uku suka tashi daga kicin suka koma gaban madubi.

Lahadi ma a kai muka wuni. Daga Litinin zuwa Laraba kuwa, da na dawo daga aiki, kafin in cire takalmi zan tarar da ita zaune tana jirana, don mu kama hasken yamma kafin magariba. Wallahi ban taɓa ganin mutum mai wuyar sha'ani irinta ba. Ba ta iya zama shiru. Wayar hannu sabuwar shigowa ce lokacin, da ta yi ƙara sai ta ɗauka, ta manna a kumatun da na gama yanzun nan, ta yi ta surutu har haɗin ya tsage a gefen baki. In ta ajiye kuma sai ta ɗauko hoton ta kanga a fuskarta.

"Bai kai ba. Ƙara farin."

"Yaya, in na ƙara farin nan gawa za ki koma."

"Ni dai ƙara. Dubi hoton mana, ko idonki ya lalace?"

Hoton nan shi ya fi komai ƙona mini rai. Mai ɗaukarsa ya haska mata fitila har hancinta ya kusa ɓacewa, ga shi shekaru sun bi ta kansa ya koma ruwan ɗorawa. Na ce mata, "Babu ɗan Adam mai wannan kalar a doron ƙasa. Kalar takarda kike so in haɗa miki." Ta ce ita dai abin da ke cikin fayil shi za a duba, ba ra'ayina ba. Abin haushin shi ne, a nan tana da gaskiya. Na koma Wuse na sayo wata kwalba mai ruwan ɗorawa-ɗorawa.

Ranar Litinin muka dace da kala, har ta yi murmushi. Kafin in wanke cokali, abin ya sha iska ya ƙara duhu, murmushin ya tafi. Na mance cewa mai maiƙon haka take yi, sai an ba ta kwatan awa kafin a san ainihin kalarta. Ranar Talata na fara da haɗi mai ɗan ƙarin haske don in ya sha iska ya sauko daidai. Ya sauko. Sai na ce a gwada da gumi, tunda a rana za ta tsaya. Na tura ta kicin ta tuƙa mana tuwo. Ta fito duk aikina ya gangaro ya taru a bakin hijabinta, kumatu sun leƙo ta ƙasa. Ta zauna a ƙasa dirshan ta ce ita shi ke nan, ta rasa aikinta. Na ji tausayinta, amma wallahi a lokacin haushi ya fi yawa. Na ce a raina, tsuntsun da ya ja ruwa ai shi ruwa kan doka, ina ruwana ni da nake cikin rumfa?

Laraba na sake komawa kasuwa na samo irin wadda ruwa ba ya wankewa. Kauri gare ta kamar kwaɓin fulawa, kuma kafin ka gama shimfiɗawa ta bushe ta ƙandare. Na sassauta ta da ɗigo biyu na mai maiƙon, na sa ta ruwan ɗorawar, sannan na miƙa hannu zan ɗauko tawa mai duhu in ɗiga ɗaya tak.

Ta riƙe mini hannu. "Kar ki sa mini taki."

"Ɗigo ɗaya ne fa. Shi zai sa abin ya yi kama da fata."

"Na ce kar ki sa."

Na ce to. Da ta juya tana neman hoton a ƙarƙashin matashi, na ɗiga biyu. Shi ne haɗin da ya yi. Ta tsaya a bakin ƙofa da madubi a hannu ta daɗe tana kallo, ta ce, "Yauwa, kin ga da kika ji maganata." Ta sake tuƙa tuwo, ta fito fuska ba ta motsa ba. Wuya dai hijabi zai rufe, hannaye kuma na ce ta ɓoye su a ciki, kar ta yi ta nuni da su yadda ta saba.

Saura abu ɗaya, alwala. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Rabin matan ofishinmu haka suke yi: a ɗaura alwala da safe kafin kwalliya, a riƙe ta har azahar, mai ƙoƙari ma har la'asar. Ba shan shayi, ba ɗirkar ruwa. Na ce mata haka za ta yi, kuma da ikon Allah kafin azahar ma mun gama. Ta ce ai wannan ƙaramin abu ne.

Ranar Alhamis gari yana fara haske ta sabunta alwala, na zaunar da ita a bakin ƙofa na yi aikina a tsanake. Ragowar haɗin na zuba a wani ɗan gwangwani na jefa a jaka tare da jan-bakin, don ko ta kwana. Na riga na nemi izini a wurin ogana, na ce zan raka 'yar'uwata asibiti, Allah ya yafe mini. A mota na sa ta zauna ɓangaren da rana ba ta bugawa, na hana ta magana tun daga Kuje har muka hau titin filin jirgi.

An kafa rumfuna a harabar ma'aikatar, amma rumfunan na masu tantancewa ne da injinansu. Ma'aikata kuwa ga su nan birjik a rana, kowa da lamba a hannu. Lambar Yaya tana can baya, don wasu tun asuba suka zo. Aka ce ana jiran man janareto. Man ya zo, aka ce kwamfuta ta ƙi tashi. Ta tashi, aka ce oga bai iso ba.

Abokan aikinta suka fara wucewa suna gaishe ta. Wata ta tsaya ta ce, "Kai, Hajiya, saura kaɗan ban gane ki ba!" Wani dattijo da suka shekara goma a ofis ɗaya ya wuce ta gabanta sau biyu yana tambayar ko Hajiya ba ta zo ba. Na ce a raina, ikon Allah, mun kwana biyar muna wahala don a gane ta, ga shi waɗanda suka san ta sun kasa. Ita kuwa ko dariya ba ta yi, tana amsa gaisuwa da ka don kar fuska ta tsage. Ni ina gefe ina yi mata fifita da bangon fayil, kamar wata baiwarta.

Wajen sha biyu na lura tana ta canza ƙafa.

"Lafiya?"

"Ba komai."

Can ta matso kunnena. "Fitsari nake ji."

"Fitsarin me? Ruwan da ba ki sha ba?"

"Maganin hawan jinina na sha da safe."

Na dafe kai. Ƙwayar nan kowa a gidan ya san ta, in ta sha sai ta yi ta zarya banɗaki har azahar. Na tuna da gumi, na tuna da rana, na tuna da hannaye, amma ban tuna da ƙwaya ba, ita ma kuma ba ta ga dalilin gaya mini ba. Na ce, "Haba Yaya! Yau ɗaya ba za ki bari sai mun dawo ba?" Ta ce so nake ta faɗi a layi a kwashe ta? Ta daure iya daurewa, har idonta ya kawo ruwa, sannan ta miƙa mini lambarta ta tafi. Alwala ta tafi ke nan.

Ana kiran azahar na je na yi tawa na dawo, don tawa kwalliyar sirara ce, ruwa ɗaya ke ɗauke ta. Na tarar da Yaya tana kallon wajen masallaci. Na ce mata, "Kar ma ki fara. Azahar tana da faɗi, lokacinta yana nan har la'asar. Yanzu za a kira ki, ki gama, ki wanke, ki yi sallarki hankali kwance." Ta yarda. Sai masu tantancewar su ma suka tashi salla da cin abinci, layi ya tsaya cak. Da suka dawo kuma tafiyar hawainiya. Ƙarfe biyu ta wuce, uku ta wuce. Yaya ba ta duba agogo, inuwar sandar tuta take kallo tana ƙara tsawo. Saura mutum shida a gabanta ta miƙe.

Na riƙe mata hijabi. "Mutum shida ne fa, Yaya. Don Allah. Kwana biyar."

Ta fizge. "Ban je Makka na dawo don in bar salla ta fita saboda fenti ba."

Yau kuma fenti ya zama. Na roƙi matar da ke bayanta ta riƙe mana wuri, na bi ta bayan gini inda famfo yake, ina ta masifa ƙasa-ƙasa. Ta tsuguna, ta wanke hannu, ta kurkure baki, ta watsa ruwa a fuska. Ruwan ya dunƙule ya gangare bai taɓa komai ba. Ta sake watsawa, haka. Ta ɗago ta dube ni.

"Me kika sa mini ne?"

"Abin da kika ce in sa. Wanda ruwa ba ya wankewa."

"To ai alwala ba ta yi ba in ruwa bai taɓa fata ba."

Wata mai shara tana wanke tsumma a gefe, Yaya ta roƙe ta sabulun wanki. Ina tsaye ina kallo ta dirje fuskar nan da sabulu, sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Aikina na kwana biyar ya bi kwata, kalar koko. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na lokacin ba, har hawayen takaici suka zubo mini. Da ta ɗago, fuskar ta fi yadda take a gida muni, don dirza ta tayar da jan, baƙin kuma ya ƙara fitowa.

Tana salla a kan wani kwali, na buɗe gwangwanin da sauri. Zafin jaka ya raba haɗin, mai ya taso sama, kalar ta kwanta a ƙasa. Jan-bakin ya narke a murfinsa. Ko da lafiya suke, ina farantai uku, ina kwatan awa na jira? Ina cikin juyawa da ɗan yatsa aka kira lambar da ke gaban tata. Ta sallame, ta dubi gwangwanin, ta ce, "Rufe. Mu je."

Wadda ke kan teburin wata mata ce mai ɗan sarƙar gicciye a wuya, daga ganinta ta gaji liƙis. Hausarta irin ta cikin garin nan ce, mace ma "kai" take ce mata. Ta buɗe fayil, ta dubi hoto, ta dubi Yaya, ta sake duban hoto. Ni ina tsaye a baya.

"Mama, wannan hoto ba kai ba ne."

"Ni ce, 'yata. Wallahi ni ce."

"To me ya canza ka haka? Akwai wuri a fom, dole in rubuta dalili. In ciwo ne, sai ka kawo takardan likita, mu ajiye fayil ɗinka gefe tukuna."

Jin kalmar gefe, na ga kafaɗar Yaya ta motsa. Ta ce, "Ba ciwo ba ne. Na je Hajji ne, to ranar Makka..."

Matar ta ajiye biro. "Mama, ogana ma ya je Makka ya dawo, bai canza haka ba. Ba zan iya rubuta wannan ba."

A bayanmu akwai ƙananan ma'aikatan sashen Yaya, waɗanda take aike, waɗanda ke rusunawa in za su gaishe ta. Duk sun yi tsit suna jiran layi. Yaya ta sunkuyar da kai ta faɗi wani abu. Janareto yana ta ruri a gefen rumfar.

"Ban ji ba, Mama. Ɗaga murya."

"Mai na shafa."

"Wane mai?"

"Bilicin." Wannan karon kowa ya ji. "Na yi shekaru ina shafawa. Na daina."

Matar ko ɗaga gira ba ta yi ba. Ta ɗauki biro ta rubuta. Ta ce Yaya ta buɗe haƙora, ta gwada wushiryarta da ta hoton, ta dubi siffar hancin, ta sa ta dangwala yatsa a injin. Sannan ta juyo fom ɗin ta nuna mata inda za ta sa hannu, daidai ƙarƙashin abin da ta rubuta. Ta buga hatimi a wata 'yar takarda ta miƙa mata.

"Da ka faɗa tun farko, Mama. Ba kai kaɗai ba ne yau. Na gaba!"

Shi ke nan fa. Ba kai kaɗai ba ne yau. Na tuna zaryar Wuse, na tuna tuwon da muka yi ta tuƙawa ba don yunwa ba, na ji kamar in zauna a ƙasa in yi ta ihu. Aiki dai ya tsira, alhamdulillahi. Amma na fi shekara ashirin ina jiran ranar da zan ji kalmar nan daga bakin Yaya, na sha raya yadda zan ji daɗi, da irin kallon da zan yi mata. Da ta faɗa, ko ɗigon daɗi ban ji ba. Kunya na ji, kamar ni aka yi wa tsirara.

Muka yi la'asar, muka shiga motar Kuje. Yaya ta ja hijabi har kan hanci, ta riƙe takardar da hannu biyu. Ni kuma na kau da kai, don na san in na buɗe baki faɗa zan yi. Sai da muka sauka daga babban titi muka kama hanyar gida, motar ta rage mutane, sannan ta yi magana, tana kallon taga.

"Umma ce ta fara saya mini man. Ina aji biyu a sakandare."

Na juyo na dube ta. Ba ta juyo ba.

"Na ce mata ta saya mana tare. Ta ce ke naki ya yi nisa, ba zai ji mai ba, a bar ki kawai."

Umma, mahaifiyarmu, ta shekara tara a ƙasa lokacin da Yaya ke faɗin haka. Na ji haushin Umma ya taso mini, haushin da ba ni da inda zan kai shi. Ban ma san wanne nake jin haushi a kai ba, barin da ta yi mini, ko abin da ta saya wa Yaya. Na dubi kumatun nan da suka ƙone, waɗanda na kwana biyar ina rufewa, na kai hannu na taɓa nawa kumatun, lafiya lau, ko tabo babu.

Yaya ta ce, "Ba za ki ce komai ba?"

Na ce, "Ninke takardar nan ki sa a jaka, gumin hannunki zai ɓata hatimin."